Mai Ruwan Toka

Saura ƙiris in ajiye biro in tsallake wannan wurin, don abin da Auta ta yi a gaban mahaifinta ranar Asabar ɗin nan, ni mai rubutawa ma sai da na rufe fuska. To amma in na ɓoye shi labarin ba zai miƙe ba. Ga yadda aka yi.

Tun da sassafe gidan ya kaure da hayaniya. Baba ya shekara talatin da ɗaya yana tuƙa motar kamfani, bai taɓa riƙe makullin da zai ce nasa ne ba. Ranar Laraba kuɗin sallamarsa suka fito, miliyan goma da 'yan kai, yau kuma zai je duba motar kansa. Kwana uku ke nan ba a yi wata hira a gidan ba sai ta ƙaramar jif, irin wadda ta ɗara ƙananan motoci tsayi amma ba ta kai manyan nan na attajirai ba.

"Jif nake so," in ji Baba, yana gyara hula a gaban madubi karo na uku. "Layin nan namu in ruwa ya sauka, ƙaramar mota jan ciki take yi. Na gaji da jin salansa na gogar ƙasa."

Umma ta leƙo daga kicin. "Kai dai ka sayo wadda ƙafata za ta iya hawa."

"Gidan gaba naki ne, uwargida. Ko ɗaukar ki ne sai in yi."

"Ji shi, da furfurarsa!"

Auta na ɗaki tana jin dariyarsu, amma ita tata murnar ba ta kai ciki ba.

Mutum biyu ke neman aurenta. Na farko Guduma, mai gyaran jikin mota a garejin bayan kasuwa, wanda in mota ta lotse shi ke buge ta ta miƙe ya fesa mata fenti. Shekararsu biyu tare. Na biyu Manaja, mai kula da babban filin sayar da motoci na bakin titi, ɗan aminiyar Gwaggo, wanda ya ɓullo wata huɗu da suka wuce da turare da agogon hannu. Ita kuwa Gwaggo yayar Baba ce, ita ta raine shi, har yau bai iya musu da ita.

Sau uku Baba yana kiran Auta ya tambaye ta wa take so. Sau uku tana sunkuyar da kai tana murɗa bakin mayafi, harshenta ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutse. Duk lokacin sai Gwaggo ta tafa hannu ta ce, "Ka gani ko? Ba ta ce ba ta son Manaja ba."

Yanzu kuma ga shi Manaja ya yi wa Baba ragi mai yawa a kan wata farar jif. Auta ta san mahaifinta sarai. In ya karɓi wannan alherin, kunya ba za ta bar shi ya dubi idon Manaja ya ce masa a'a ba.

Tana cikin wannan tunanin Gwaggo ta banko labule ta shigo, ta zauna a bakin gado tana haki.

"Wannan baƙin mayafin za ki yafa? Gidan makoki za mu? Ɗauko mai ruwan zuman nan."

"Gwaggo, ni da ma an bar ni a gida."

"A bar ki ki yi me? Yaro ya ce a zo da ke ki ga kala. Miliyan ɗaya da rabi ya sauke wa ubanki. Miliyan ɗaya da rabi! Faɗa min, mai bugun gwangwanin nan naki shekara nawa zai yi yana ƙwanƙwasa kafin ya ga wannan kuɗin da idonsa?"

Idon Auta ya ciko. "Gwaggo, sana'a ce fa."

"Na ce sata ce? Sana'a ce, ta baƙin farce. Dube ni nan. Ni na goya ubanki, ni na fara yi miki wanka ranar da kika zo duniya, ba zan cuce ki ba. So kike ki tsufa kina wankin kaya masu warin fenti, sa'o'inki na wuce ki a mota kina bayan babur kina riƙe da mayafi kar iska ta kwashe?"

Hawaye suka zubo. A zuciyarta ta ce ita warin fentin nan ya fi mata duk turaren Manaja.

"To kukan na mene ne? Dole aka yi miki? Sau nawa ubanki ya tambaye ki? Da kina da abin faɗa ai da kin faɗa. Tashi ki wanke fuska."

Wannan ce ta fi yi mata ciwo, don ta san gaskiya ce.

*

Tasi ta sauke su uku a bakin filin, Baba da Gwaggo da Auta. Ƙananan tutoci kala-kala na kaɗawa a kan igiya, motoci sun jeru a kan siminti suna ɗaukar ido. Manaja ya taho da sauri cikin farin yadi mai sitaci, makullai uku na lilo a yatsansa.

"Baba, barka da zuwa! Gwaggo, sannu da hanya. Ranki ya daɗe," ya ce da Auta, yana sassauta murya. Ta amsa a ciki ba ta ɗago ba.

Jif uku ya ware musu a ƙarƙashin rumfa: fara, da ja, da wata mai ruwan toka can a gefe.

Ya fara da farar. Hannu kawai ya ɗora a marikin ƙofa ta buɗe kanta. Ya danna wani abu, gilashin rufin ya zame baya, sama ta bayyana. Kujerun fata ne, ga wani allo a gaba kamar ƙaramin talabijin, in an sa giyar baya sai ya nuna duk abin da ke bayanka.

"Allahu akbar!" in ji Baba. "Shekara talatin da ɗaya ina murɗa wuya, ashe an huta!"

Gwaggo ta haye gidan gaba. Gwiwarta ta taɓa wani maɓalli, kujera ta fara tafiya da ita baya a hankali.

"Wayyo! Ku riƙe ni! Tafiya take da ni!"

Baba ya yi dariya har da riƙe ciki. Ita kanta Auta sai da ta murmusa a bayan mayafi.

"Miliyan tara ce," in ji Manaja, "amma Baba ai gida ne. Bakwai da rabi. Jar nan kuwa kusan sabuwa ce, da garantin shekara biyu, sha ɗaya ba ragi. Waccan ta gefen," ya yi nuni da leɓe, "wani tsoho ne ya kawo mu sayar masa. Takwas da rabi ya kafe. Kujerun yadi, rediyo irin na da. Na fito da ita ne kawai don ka ce uku kake son gani."

Ƙarar babur ta katse shi. Auta ta gane mai zuwa tun kafin ta waiga, don ko cikin barci ta san wannan ƙarar.

Guduma ya kafe babur ɗin, ya zo ya durƙusa har ƙasa ya gaida Baba da Gwaggo. Ya yi wanka ya sa riga mai tsabta, amma gefen faratansa na nan da baƙinsu.

Gwaggo ta haɗe rai. "Wannan kuma wa ya gayyato shi?"

"Ni ne, Yaya," in ji Baba yana sosa ƙeya. "Ban taɓa ganin an sayi mota mai gyara bai duba ba."

Manaja ya yi murmushin da bai kai ido ba. "A'a, Injiniya da kansa! An dai wanke hannu ko? Fatar kujerun nan ba ta son maiƙo."

"An wanke, Manaja. Wannan baƙin ya zama ɗan gida ne."

Bai ko kalli allon ba. Ya tsuguna a kusurwar kowace mota ya rufe ido ɗaya, yana bin gefenta da kallo ta inda haske ke kwanciya. Ya buɗe ƙofofi ya rufe yana kasa kunne. Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi, ya daɗe, ya fito. Sannan ya ciro wani ɗan mayen ƙarfe daga aljihu, naɗe da ƙyalle don kar ya karce fenti, ya riƙa ɗora shi a jikin motocin yana sakewa.

A jikin jar ya kama. A jikin mai ruwan toka ya kama ko'ina, gaba da baya. A jikin farar ya kama a bonet, ya kama a ƙofar gaba. Da ya kai shi kan ginshiƙin da ke tsakanin ƙofofi biyu ya saki, sai ga shi ya sulluɓe ya faɗi ƙasa, ya gangaro har gaban takalmin Auta.

Ya taɓa gaya mata a hira cewa mayen ƙarfe ba ya kama kwaɓin da suke cike lotsawa da shi. Duk inda ya faɗi, to ba ƙarfe ba ne a ƙarƙashin fentin.

Ya sunkuyo ya ɗauka. Idonsu ya haɗu na ɗan lokaci. A ranta tana ta ihu, faɗa musu, don Allah faɗa musu yanzu! Shi kuwa sai ya mayar da abinsa aljihu bai ce uffan ba. Manaja na can yana nuna wa Gwaggo inda ake ajiye kofi, Baba kuma na zaune a kujerar direba yana gyara madubi.

Aka zo gwaji. Baba ya zagaya da kowacce. Da ya dawo da farar ya fito yana washe baki ya ce kamar a kan auduga yake tafiya. Jar kuwa ya ce ƙarfinta kamar za ta tashi sama, sai dai ya ga allurar mai ta motsa a ɗan zagayen nan kawai. Da ya shiga mai ruwan toka ya murɗa makulli, ta yi tari ta yi shiru. Sai a na biyu ta tashi.

Gwaggo ta ƙyalƙyale. "Wannan ai sai an roƙe ta!"

Baba ya dawo ya kashe ta, ya dubi Guduma. "To Malam, me ka gani?"

"Baba, in ba damuwa, in zo gida bayan la'asar."

"Faɗi a nan mana, Injiniya," in ji Manaja. "Ko sai an je an duba littafi?"

"Rana ta yi zafi, ga su Gwaggo a tsaye."

Baba ya ce da Manaja gobe zai ji daga gare shi. Da za su shiga tasi Manaja ya riƙe wa Auta ƙofa, ya rage murya ya ce, "Farar nan ke take jira."

Har suka isa gida ba ta daina haɗiye kuka ba. Ga dama ta zo har hannun Guduma, ya mayar da ita aljihu.

*

Bayan la'asar Auta ta ji ƙarar babur a ƙofar gida, ta ji Baba ya ce a shigo falo. Tana kicin tana goge kofunan da ta riga ta goge, Gwaggo ta zo ta tsaya a kanta.

"Kin dai ga ya kasa buɗe baki a gaban mutane. Ya san ya sha kaye. Na gaya wa ubanki yau a gama komai, da maganar mota da taki. Yanzu haka taki ake yi. Zai sallame shi cikin mutunci, kowa ya huta."

Umma ta jera ruwa da lemo a faranti ta miƙa wa Auta. "Kai musu."

Ta ɗauka. Tana isa bakin labulen falo ta ji muryar Baba, sai ƙafarta ta ƙi gaba.

"To ita ɗin fa? Tsakaninka da Allah, me ka gani a jikinta ka nace mata haka? Ka ga dai ba wani kyau ne da ita ba."

Auta ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Baba ne da bakinsa? Ta kasa kunne ta ji yadda Guduma zai kare ta.

"Gaskiya ne, Baba," in ji shi, cikin natsuwarsa ta kullum. "Ba ta da kyan da za a waiwayo a kalle ta. In aka jera ta da 'yan'uwanta, ita ce ta ƙarshe da ido zai kai kanta."

Kofuna suka fara kaɗawa a kan farantin.

"Ga nauyin jiki," in ji Baba.

"Akwai wannan. Da safe ma na san sai an yi fama da ita kafin ta tashi. Amma ƙaramin abu ne, in ta zo hannuna kwana biyu zan saita ta."

"Kuma ta ɗan kwana biyu a duniya."

"Ta ɗan manyanta, amma ba ta sha wahala ba. Ni abin da ya ja ni gare ta, Baba, ba ta da ci. Kaɗan za ka ba ta ta wuni tana aiki. Irinsu ba su cika ciwo ba, in ma ta kwanta, abin da za a tashe ta da shi yana kowane shago da araha. Sannan ko bayan shekara biyar aka gaji da ita aka ce za a rabu, wallahi masu so suna nan a layi. Ba za a yi asara ba."

Farantin ya kife. Kofuna suka tarwatse, kwalbar lemo ta gangara har ƙarƙashin kujera.

Auta ba ta san lokacin da ta yaye labulen ba. Yarinyar da ko sunan saurayi ba ta taɓa furtawa a gaban mahaifinta ba, sai ga ta tsaye a tsakiyar falo, mayafi ya zame, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Ni ce ba ni da kyan kallo?"

Guduma ya miƙe zumbur. "Malama..."

"Kar ka ce min Malama! Shekara biyu kana ce min ko sabon fenti bai kai ni ƙyalli ba, ashe a bayan idona ni ce ta ƙarshe da ido zai kai kaina? Ni ce za a gaji da ni bayan shekara biyar a miƙa wa na layi?"

"Ki tsaya ki ji..."

"Ba zan tsaya ba! Wata huɗu ina shan faɗan Gwaggo saboda kai. An kawo min agogo na mayar. An kawo min turare ko buɗewa ban yi ba. Na ce a raina ko a bayan babur ɗinka zan tsufa na yarda. Ni ba na son Manaja, ba na son farar motarsa, ba na son raginsa, kai nake so, kai kaɗai, tun ranar farko! Ashe kai don ba ni da ci ne!" Ta ja numfashi da ƙyar. "Kuma wa ya gaya maka ba na tashi da safe? Umma ce ko?"



Guduma na tsaye baki buɗe. Baba na zaune da waya a hannu, a fuskar wayar kuwa ga hoton da ya ɗauko a filin motoci. A hankali ya juyo mata da shi.

"Auta," ya ce, muryarsa na rawa, "maganar mai ruwan toka muke yi."

Ta kalli hoton. Ta kalli Guduma. Ta sake kallon hoton.

Dariyar da Baba ke dannewa ta ƙwace. Ya kwanta a jikin kujera yana buga cinya, hula ta faɗi, hawaye na fita. A bakin ƙofa Umma ta toshe baki da gefen zani, kafaɗunta na girgiza. Gwaggo na bayanta tana ta salati.

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da Auta ta shige ta ja ta rufe. Ta juya za ta ruga.

"Tsaya," in ji Baba. "Dawo nan ki zauna."

Ta durƙushe a bakin ƙofa ta lulluɓe kai gaba ɗaya.

Baba ya share ido ya ɗauki hularsa. "Sau uku ina tambayar ki, kina murɗa min mayafi. Ashe da na sani tun farko mota zan zaga a gabanki." Ya sake ƙyalƙyalewa, sannan ya natsu. "Na ji. Ba sai kin maimaita ba, maƙwabta ma sun ji."

Gwaggo ta ture Umma ta shigo. "Ka ji me? Shirmen yarinya? Miliyan ɗaya da rabin fa? Da wane ido zan kalli uwar yaron nan?"

"Yaya, don Allah ki zauna ki ji."

"Ba zan zauna ba!"

"To ki ji a tsaye." Umma ta ɗago da mamaki, don ba ta taɓa jin ya yi wa yayarsa magana haka ba. "Farar nan da na hau, na saki sitiyari a miƙaƙƙen titi, ta ja hagu. Kuma ina zaune a ciki na hango a madubi mayen ƙarfen yaron nan ya faɗi. Malam, gaya mata abin da ka gaya min."

Guduma ya koma ya durƙusa, kansa a ƙasa. "Gwaggo, motar ta taɓa yin hatsari babba. An yanke ginshiƙin gefenta an yi walda, an cike da kwaɓi an fesa fenti. Aikin ya yi kyau a ido, amma in Allah ya kiyaye aka sake bugun ta ta nan, ba abin da zai tare na ciki. Kayanta kuma sai an yi oda, fitila ɗaya in ta fashe sai a yi wata ana jira. In an tashi sayarwa, duk mai saye zai zo da irina, rabin kuɗin ma da wuya ya dawo. Ban ce Manaja ya sani ba. Wataƙila shi ma haka aka kawo masa."

"Kishi ne!" in ji Gwaggo.

"Da kishi ne, Yaya, a filin zai faɗa, a gaban mutane, ya kunyata shi. Ya samu dama bai yi ba." Baba ya gyara zama. "Jar lafiyayya ce, shi da kansa ya yabe ta. Amma ta fi ƙarfin aljihuna, in ma na ƙoƙarta na saya, a gidan mai zan ƙarasa tsufana. Mai ruwan tokar nan ta fi farar tsada da miliyan guda a yau. Nan da shekara biyar ita ce mai araha."

Gwaggo ta riƙe ƙugu. "Wato saboda mota za ka ɗauki 'ya ka ba mai bugun gwangwani? Ni ban isa ba ke nan? Ni da na goya ka?"

"Kin isa har kin yi yawa, Yaya. Amma mota daban, 'ya daban. Ko da farar ce lafiyayya na saya, abin da kunnena ya ji yau ya riga ya ji. Ke kika ce ba ta ce ba ta so ba. To ga shi ta ce."

Gwaggo ta dubi Auta da ke dunƙule cikin mayafi, ta dubi ƙanenta, ta fizgi jakarta.

"Ku sayo akwalarku. Ni dai ƙafata ba za ta taka ta ba, ko a hanya kuka gan ni ku wuce!"

Ta fita fuu. Umma ta bi ta tana ba ta haƙuri, amma har daga tsakar gida ana jin dariya na neman ƙwace wa Umma a tsakiyar lallashin.

Baba ya yi ajiyar zuciya. "Za ta huce. Zan je da kaina in same ta. Shi ma Manaja zan kira shi in yi masa godiya, in gaya masa abin da aka gani a motarsa." Ya juya ga Guduma. "Kai kuma gobe da hantsi ka zo mu je mu ɗauko ta."

Guduma ya ɗago da sauri, ido waje.

"Motar!" in ji Baba. "Kai ma ka kamu? Ɗayar ba a filin motoci ake ɗaukar ta ba. Ka gaya wa manyanka ina son ganin su."

Guduma ya rasa bakin godiya. Ya yi ta jero addu'a har tana harɗewa, Baba na cewa ya isa, ya isa. Da zai fita ya tsuguna kusa da Auta kamar mai tsince kofunan da suka zube, ya rage murya yadda ita kaɗai za ta ji.

"Malama, ni dai ban taɓa cewa ba ki da ci ba. Na ga aiki ranar da na kawo miki gasasshiyar kaza."

Ta cikin mayafin ta kai masa duka a hannu, ta tashi da gudu ta faɗa ɗaki ta danna sakata. Ta kife a kan gado ta cusa fuska cikin filo, ita kanta ba ta san ko kuka take ko dariya ba. Umma ta yi bugun duniya ta fito ta ci abinci, Auta ta ce ita ta ƙoshi. Umma ta ce daga bayan ƙofa, "Ai da ma an ce ba ki da ci."

*

Washegari Auta ta riga kowa tashi a gidan.

Ta fito tsakar gida ta dubi filin da ke bayan get, inda Umma ke ajiye durom ɗin ruwa biyu da tsohon keken Baba da wasu fasassun kujeru. Ta ɗaure zani tamau. Ta mirgina durom ɗaya bayan ɗaya zuwa jikin bango, ta jingine keken a lungu, ta kwashe kujerun. Ta share wurin tas, ta yayyafa ruwa, sannan ta auna tsawonsa da taku, ta ga bai isa ba, ta ƙara matsar da durom ɗin.

Tana cikin shara ta biyu ta ji an buɗe taga a bayanta.

"Uwargida, zo ki gani," in ji Baba. "Yau bugu ɗaya ta tashi."

Auta ta ji kunnuwanta sun ɗau zafi. Ƙafarta ta so ta gudu, amma ta riƙe tsintsiyar da hannu biyu ta tsaya. Ta durƙusa ta gaishe shi, kanta a ƙasa.

"Baba, a nan za a ajiye ta?"

"Wa?"

"Motar, Baba."